An Yi wa Ƙanena Ƙarya a Kan Gawarsa

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, tasi nake tuƙawa, ina zaune a unguwar Mount Hope ta Bronx, a nan ƙasar Turawa. Ban yi karatu mai nisa ba, ban kuma iya kewaye-kewaye ba, don haka ga maganar: wani dattijon ikilisiya ya tura ƙanena Ishaku ga mutuwa, sa'an nan ya tsaya a kan gawarsa ya yi masa ƙarya.

Fasto ya roƙe ni kada in sa sunan mutumin a wannan takarda ta zumunta. Na ji. Zan ce masa Dattijo, dama haka muke kiransa a ikilisiyar da na bari. Mutumin garinmu ne daga gida. Yana da kantin kayan abincin Afirka da motocin da ke rarraba doya, manja da garin rogo zuwa wasu garuruwa. Ishaku yana tuƙa masa ɗaya.

Ran nan da safe, farkon lokacin sanyi, Ishaku yana ɗakina yana cin ƙosai. Matarsa Rifkatu tana da tsohon ciki, ba ta son warin mai, shi ya sa yake zuwa cin na matata Saratu. Wayarsa ta yi ƙara, Dattijo ne ke kira; hannun Ishaku duk mai, sai ya buɗe muryar a fili. Da kunnena na ji, ba wani ne ya ba ni labari ba.

Ishaku ya ce, "Baba, rediyo na cewa kada a nufi wajen garin Buffalo. Wai guguwa za ta taso daga tafkin da ke can."

Dattijo ya yi dariya. "Wane tafki? Leƙa taga mana, ba rana kake gani ba? Kai da ka yi tuƙi daga Kafanchan zuwa Legas da damina, 'yar dusar ƙanƙara za ta tsorata ka? Doyata ba za ta jira rediyo ba. In ba za ka je ba, kawo makullin, akwai masu neman aiki."

Ishaku ya dube ni, ya goge hannu, ya ce, "Yaya, mai jiran haihuwa ba ya ajiye makulli." Ya cusa sauran ƙosan a leda ya fita.

'Yan'uwa, mu nan Bronx muna tsammani mun san sanyi. Dusar ƙanƙara ta zuba, motar hukuma ta ture ta, a watsa gishiri, kowa ya kama harkarsa. Wannan wasan yara ne.

Da la'asar ya kira ni, har da dariyarsa. Ya ce, "Yaya, zo ka ga ikon Allah! Bayana rana, gabana bango fari fat daga ƙasa har sama. Na shiga ciki, ko kan motar ba na gani." Ya ce duk motoci sun tsaya cik a kan babbar hanya, amma kada in damu, yana da mai, hita tana aiki, ya rufe tagogi ruf. Ya ce in gaya wa Saratu ƙosanta ya yi rana.

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Dusar ta binne motar har rufi. Ta toshe salansa, hayaƙin injin ya rasa mafita ya koma ciki. Ɗan Kafanchan ina ya san ana mutuwa a haka? Abin da ya sani, in ana sanyi a rufe ƙofa. Da aka haƙo motar, aka same shi a zaune, hannuwa a hammata, kamar mai gyangyaɗi. Wayyo Ishaku!

Kun san al'adarmu: ranar jana'iza wani babba yakan tashi ya karanta tarihin mamaci. Dattijo ne ya nemi ya karanta. Ya sa babbar riga, ya faɗi inda aka haife shi, inda aka yi masa baftisma, sai ya cire tabarau ya share ido ya ce, "Na roƙi yaron nan kada ya tafi. Na ce ɗana, bari guguwa ta wuce. Amma yaran yanzu ba sa jin shawara."

Na miƙe. Saratu ta kama rigata, wasu maza suka danne ni a kujera suna cewa, "Haba Bitrus, a gaban gawa?" A gaban gawa aka yi ƙaryar, amma ni ne mara kunya!

An ɗauki bidiyon jana'izar aka aika wa mahaifiyarmu a gida. Nan ne wuƙar ta shiga sosai. Mama ta kalla, ta sāke kalla. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce, "Taurin kai ne ya kashe mini ɗa." Ishaku, wanda tun yana yaro in ta ce zauna ba ya tashi sai ta dawo!

Na kira ta na gaya mata gaskiya. Amma kafin nan na riga na fara shan giya, labari kuma ya kai gida. Ta ce, "Bitrus, dattijon ikilisiya zai yi ƙarya a gaban akwatin gawa? Kwalba ce ke magana a bakinka."

Daga nan na lalace. Na daina zuwa sujada. Rifkatu ta haifi namiji, aka sa masa Ishaku, na kasa ɗaukarsa. Na ajiye sifanar kwance taya a ƙarƙashin kujerata, ba don taya ba. Da rana tsaka sai in faka a gaban kantin Dattijo, ina kallonsa yana auna wa mata manja, hannuna a kan ƙarfen. Saratu ta ce mini, "Baban yara, an binne mutum ɗaya, amma gidaje biyu ne ba miji."

Da sanyi ya zagayo, wata safiya na tashi na kama hanyar Buffalo ban gaya wa kowa ba. Ina so in ga abin da ya ci ƙanena.

Suna ce masa tafki, Tafkin Erie. Ni tafkin da na sani shi ne inda shanu ke shan ruwa. Wannan ba ka ganin ƙarshensa. Iska tana yanka fuska kamar reza, ruwan baƙi ƙirin, tururi yana tashi a kansa kamar tukunyar tuwo. Raƙuman ruwa suna dukan bakin gaɓa, duk inda suka fantsama sai ya daskare, har fitilun hanya sun yi gemun ƙanƙara.

Wata tsohuwa 'yar garin da ke yawo da karenta ta ga ina rawar ɗari, ta tsaya. Na gaya mata abin da ya kawo ni da ɗan Turancina. Ta ce muddin tafkin bai daskare ba, iska mai sanyi takan kwashi tururin nan ta juye shi a kan gari; unguwa ɗaya ta nutse, ta kusa da ita ana shanya. Ta ce a waccan guguwar rufin maƙwabcinta ya rufta, su kuma ta taga suka riƙa fita. Ta ce, "Mu da aka haifa a nan ma tsoronsa muke ji. Ɗan'uwanka bai yi wauta ba."

Ban taɓa jin wani ya wanke Ishaku ba sai wannan baƙuwa.

Da ta wuce na ɗauko sifanar, na durƙusa a kan ƙanƙara. Ba addu'ar kirki na yi ba, faɗa na yi da Allah. Na ce, "Kai ka yi wannan ruwa! Kai ka ji wayar nan kamar yadda na ji! Me ya sa ka yi shiru?" Na yi kuka har majina ta daskare a gemuna.

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba, ƙarya ta ishe ni. Amma wani abu ya faɗo a zuciyata sarai: Bitrus, kai ma a cikin mota kake. Ka rufe tagogi, kana jin ɗumin fushinka, hayaƙinka kake shaƙa. Buɗe, kafin a haƙo ka.

Na ce, "Yesu, buɗe mini, hannuna ya ƙage." Na wurga ƙarfen cikin tafkin. Tun daga ranar nan, giya ba ta sāke taɓa bakina ba. Haleluya! Da na dawo, gidan Rifkatu na fara zuwa, na ɗauki yaron. Kunnuwan ubansa sak.

Kada ku ɗauka na warke gaba ɗaya. Har yau in dusa ta fara zuba, sai in faka in kifa kai a kan sitiyari. Amma na gode wa Ubangiji da ya hana ni zubar da jini, ya mayar da ni wurin iyalina. Na kuma gode masa domin Mama, wadda ta huta da daminar da ta wuce, ta tafi tana sane cewa ɗanta ba mai taurin kai ba ne. Duk wanda aka zalunta a cikinku, kada ya rufe taga a kansa. Ku dogara gare shi, ko da faɗa za ku fara yi da shi.

Ga yadda Mama ta sani. Wata Asabar da hantsi na shiga kantin Dattijo hannu wofi, idona garau. Yana ganina ya ja da baya har ya taka buhun gari. Na kira lambar Mama, na buɗe muryar a fili yadda Ishaku ya yi ran nan, na ajiye wayar a kan tulin doyarsa. Muka ji ta ce, "Bitrus, kai ne?"

Na dube shi cikin ido na ce, "Baba, jinin Ishaku na bar wa Allah, ba zan taɓa ka ba har abada. Amma sunansa ba naka ba ne, ka mayar. Kai ka karanta tarihinsa, ka karanta ba daidai ba. Ga uwarsa tana ji. Sāke karantawa."