Kiran Sunan Hammawa

A layin asibitin yara, Hamsatu mutuniyar Miri ta kasa haɗiye fushinta, ta juya ga matar da ke gefenta.

"Baiwar Allah, ji min rainin hankali! Wai jikana Hammawa, ɗan shekara biyu, tsaransa sun bar shi a baya. Da takardar tambayoyi suka auna shi!"

"Wa ya amsa musu, Inna?"

"Uwarsa. Wai in ta kira sunansa yana waiwayowa? Ɗan fari fa! Wace Bafulatana ce za ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari? Ta sunkuyar da kai, ma'aikaciyar ta rubuta a'a. Yau kunya ce ta zama ciwo?"

"Ni komai aka tambaya a kan ɗana cewa na yi yana yi, don kar a yi da ni a dangi. Shekararsa huɗu yanzu, ko Mama bai taɓa cewa ba."

"Wannan naki ne. Nawa lafiyarsa lau!"

"To ke ai ba kya kunyarsa, Inna. Kira shi."

Jikan nata na zaune a ƙasa, ya ba su baya, yana juya murfin kwalba.

"Hammawa!" Ta ƙara ɗaga murya. "Hammawa!"

Kowa a layin ya waiwayo, ban da shi.