Shayin Gwaggo Hawwa da Ruwan Soba

Kuɗin motar da ta kai ni Khartum daga kunnen Inna suka fito. 'Yan kunnenta ta cire ta ba dillaliya, ta damƙa mini abin da aka samu, ta ce, "Habu, tafi. Ka ishe ni da shiga da fita, ko kaza ba ta samun wurin kiwo a gidan nan." Gaskiyarta. A lokacin ban iya zama ba. In aka fita cirar auduga, kafin hantsi na bar kunya a tsakiya ina hangen titin garin Madani. Ku matsa, ƙannena, in miƙe ƙafa, har yau ba ta daina ƙaiƙayi ba. Kai kuma Usman, da kake cewa bana sai birni, buɗe kunnenka.

Ranar da na sauka, na hau hafla, wato bas, zuwa kasuwar Suk al-Arabi, sai yaron motar, kumsari suke ce masa, ya tsaya a kaina yana kaɗa yatsu, ƙas, ƙas. Na ɗauka waƙa ce ta motsa masa, na gyaɗa kai ina taya shi. Ashe kuɗinsa yake nema. Motar duka ta tuntsire da dariya, wata tsohuwa ta ce, "Wannan daga kambo aka tsinko shi yau." Ban ji haushi ba, don daga kambon nake, wato ƙauyen 'yan ƙodagon gona.

Wurin Gwaggo Hawwa na nufa, ƙanwar Babanmu. A Umdurman take zaune tun rasuwar mijinta, kullum ta ƙetaro gada da asuba ta kafa murhunta a gindin wata darbejiya, tana sayar da shayi. Masu shayi a Suk al-Arabi sun fi a ƙirga, amma ma'aikatan ofis sai su wuce su duka su zo su zauna a kan kujerun Gwaggo. Ba ta auna ganye da cokali. Da yatsu take ɗiba, ta jefa ba ta ko kallo, shayi ya fito ja wur, kana hango rana ta cikin kubbaya, wato ɗan kofin gilashin da suke sha da shi. Ba ta da ɗa, ba ta da gona. Hannun nan shi ne duk abin da ta mallaka, kuma ta san da haka.

Ita ta samo mini aiki a Soba, a wata mahatta, wato ma'aikatar tace ruwa, ta wani ɗan kasuwa, Hajj Attayib. Shi ne maigida, shi ne kuma mai ɗakin da nake kwana, ɗakin ajiyar jarkoki. Bai taɓa kirana Habu ba, Babikir yake cewa, in ya yi fushi kuma "ya zol" kawai, wato kai mutumin nan.

Wadda ta koya mini aikin injiniya ce, Ihlas, Bashmuhandisa suke ce wa irinta a can, 'yar siririya mai saurin magana. Ruwan rijiyar Soba zartsi gare shi, sai a matsa shi da ƙarfi ta cikin wasu dogayen matatai da take kira mambiren. Ni dai Malam Birin nake ce musu, har ta gaji da gyara ni. Sannan ga wani abu wai shi bi-ec. Kullum bi-ec ya hau, bi-ec ya sauka, har na fara waige-waige in ga wane ne wannan mutumin da shi ma bai iya zama ba. Ashe ma'aunin tsamin ruwa ne.

Ta zaunar da ni ta ce, "Saurara, Babikir. Kafin ruwa ya shiga matata muna ɗiga masa ɗan tsami, don kada farin dutsen da ke cikinsa ya daskare ya toshe ta. In ya fito ta ɗaya bakin, ya fito tas, amma da yunwa. Tsami ya rinjaye shi, cikinsa ba komai, duk abin da ya taɓa sai ya ci. Shi ya sa muke bi da shi ta wannan tankin na farar tsakuwa, ya ci tsakuwar ya ƙoshi, ya dawo tsakiya." Ta ba ni wasu 'yan siraran takardu da ake tsomawa a ruwa. In takarda ta yi kore, lafiya lau. In ta yi ruwan goro, akwai tsami.

Da damina ta sauka, ruwan famfo ya koma kalar kunun kanwa, sai na lallaɓi Gwaggo ta riƙa karɓar namu, tunda motarmu na kai wa masu abinci jarkoki a Suk al-Arabi kowace safiya. Sauran masu shayin suka yi mata dariya, wai ta zama 'yar gayu, ruwa ma sai na saye. Ita kaɗai ta yarda, kuma don na ce mata ne. Shayinta bai sauya ba, sai ma ƙara haske da ya yi.

To, sai Ihlas ta sami aiki a Saudiyya ta tafi. Tsakuwar nan kuwa tana ta raguwa, har wata safiya na leƙa tanki na ga ƙasansa.

"Hajj, tsakuwa ta ƙare."

"Dutse yana ƙarewa? Wa ka sayar wa?"

"Ruwa ne ya cinye ta. Aikinta ke nan."

"In tace ruwa da dala, sannan in sayi dutse da dala in zuba a ciki? Ya zol, kana da hankali?"

"Takarda ta yi ruwan goro, Hajj."

"Takarda nake sayarwa ko ruwa?"

Yana da wani ɗan abu kamar alƙalami da ake tsomawa ya nuna yawan gishirin ruwa. Da tsakuwa ta ƙare, lambar ta faɗi ƙasa, shi kuwa murna ta kama shi, duk wanda ya zo sai ya nuna masa. Na sake magana, ya ce, "Khalas, shi ke nan. In ɗakin ya yi maka ƙunci, akwai masu nema." Na koma bakin aikina. Tunanina bai wuce kan famfunan tagulla da na ga sun fara yin kore ba. Ga shi a lokacin zuciyata ta riga ta yi arewa, wajen masu haƙar zinariya, kowace Juma'a ina yawon neman wanda zai tafi da ni maimakon in je Umdurman. Safiya, daina taɓa wayar nan, yanzu muka zo wurin.

Wata Juma'a dai ƙafa ta kai ni gidan Gwaggo. Ina shiga na ga kujerunta a jere bisa juna an ɗaure da igiya, kubbayoyi an naɗe su da tsumma a cikin kwali.

"Gwaggo, tashi za a yi?"

"Kambo zan koma, ɗan nan. Na bar wa Sittana, mai shayin da ke kusa da ni, wurin."

"Wane irin kambo? Me za ki ci a can?"

Ta zauna a bakin gado ta juya hannunta na dama tana kallo. Ta ce, "Ya tsufa, Habu. In jefa ganye, shayi ya fito fari fat. In ƙara, ya yi ɗaci amma ba kala. Na sake ganye, na sake buta, na yi sadaka. Mutanena suna zamewa ɗaya ɗaya, suna zama wurin Sittana suna kau da kai. Shekaranjiya Ustaz Abdalla, wanda tun gashinsa na baƙi yake sha a wurina, ya bar rabin kubbaya. Ya ce, 'Malesh, yi haƙuri Hajja, hannu ya tsufa, duk haka za mu yi.' Da zagi ya yi da na rama. Tausayina ya ji."

Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi laushi haka ba, kuma wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ta tashi ta dafa mini shayi da sauran ruwan jarkarmu, don baƙo ba ya fita gidanta baki bushe. Ya fito kamar ruwan wankin kofi. Na ɗauki butar na leƙa, na ga cikinta ya yi fari ƙal da 'yan ƙananan ramuka, kamar an goge ta da yashi. Na laluba aljihu na sami takardar gwaji, na tsoma a jarka. Ruwan goro.

Na tsaya da takardar a hannu. Na san bakin Gwaggo. In na faɗa mata yau, gobe kafin la'asar duk mai sayar da abinci a Suk al-Arabi ya ji, kuma Hajj ba sai ya yi duba ba zai san daga inda maganar ta fito. Aiki da ɗaki duk a hannunsa suke. Na kalli kwalin nan na kubbayoyi, na ce, "Gwaggo, ba hannunki ba ne. Ruwanmu ne ya yi tsami."

"Tsami? Na sha, ban ji ba."

"Harshe ba ya ji. Ganye yana ji."

Ta miƙe zumbur. "To in tsami ne, ai maganinsa na madafa. Yakuwa ma da take taƙama, me ke kashe ta?" Kafin in gane inda ta dosa, ta dawo da ƙullin kanwa ya kai ƙwan kaza, ta jefa a jarka, ta rufe ta hau jijjigawa. Ina ta ihu, "Gwaggo, ba miya ba ce! A hankali ake yi!" Ina! Ta ce in rufe mata baki, tun ba a haife ni ba take jiƙa kanwa.

Ta dafa. Shayi ya fito baƙi ƙirin kamar tawada, da wata kumfa a sama, yana warin sabulu. Ta jefa soborodo a wani kofi don ta gani, maimakon ja sai ya yi duhu ya koma wajen shuni. Takardata kuwa ta yi shuɗi. Gwaggo ta jera farin shayin da baƙin a ƙasa tana kallonsu. Sai ta ɗebo ruwan randa, na famfo da ya kwana ya kwanta, ta dafa na uku. Ta ɗibi ganye da yatsu ta jefa ba ta kallo. Ya fito ja wur.

Ta fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta koma kuka. Tana cewa, "Hannu ɗaya, ganye ɗaya. Kai Habu, kwance mini igiyar nan!"

Abin da na zata shi ya faru, sai dai bai jira la'asar ba. Motarmu na tsayawa da safe, Gwaggo ta tare ta da butar nan a hannu tana nuna wa jama'a cikinta, da Larabci da Hausa duka. Masu abinci suka leƙa tukwanensu, suka mayar da jarkoki. Kafin azahar Hajj ya same ni a bakin tanki.

"Babikir, wa ya koya wa mai shayi bi-ec?"

"Gwaggota ce, Hajj."

"To je ka ta ba ka ɗaki. Naɗe tabarmarka."

Daga baya na ji ya sayi tsakuwar, amma ba ni ya kira in zuba ba. Na yi ta buga-buga, dako yau, wankin mota gobe, masu zinariya kuma suka tafi ba da ni ba. Da abin ya ƙi, na ce gida. Na dawo muku da tabarma da rigar da ke jikina, kuka fito da gudu kuna tambayar tsaraba, kun tuna? Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma ranar tafiyata, na biya ta gindin darbejiya in yi sallama. Gwaggo na kan kujerarta tana fifita gawayi. Sai ga Ustaz Abdalla, ya raɓe ya zauna wurin Sittana, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Gwaggo ta zuba shayi ta ce in kai masa, ba tare da ya nema ba. Ya karɓa yana jin nauyi. Ya kurɓa, ya ɗaga kubbaya ya kalli rana ta ciki, ya shanye tas. Sannan ya taso da kansa ya kawo kofin, fuskarsa cike da fara'a.

"Mabruk, barka Hajja! Hannu ya dawo."

Gwaggo ba ta ɗago kai daga fifitarta ba. Ta ce, "Hannu bai je ko'ina ba, Ustaz. Ku ne kuka tafi."

Ta karɓi kubbayar ta miƙo mini, ta ce in wanke kafin in hau mota.