Ba Za Mu Ba da Tsohon Fim Ɗinmu Ba

Mai girma shugaban wannan zama, Magajin Gari Nomikos. Fada Sakellaris, uban cocinmu. 'Yan majalisa masu riƙe da ƙuri'a. Baƙonmu da kamfanin fim ya aiko daga babban birni Atina. Tsofaffin 'yan nutso da kuka shigo da sanduna. Matan 'yan nutso da kuka shigo da baƙaƙen kayan makoki irin nawa. Jama'ar tsibiri, manya da yara: ni Themelina, matar marigayi Skevos, ina gaishe ku.

Na gode da aka ba tsohuwa dama ta yi magana kafin a ɗaga hannuwa. Na gode wa baƙonmu ma, domin yaro ne mai ladabi, ya ci kifina jiya har ya nemi ƙari. Amma ɗana, daɗin kifi daban, maganar yau daban.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Kamfani yana so mu miƙa masa tsohon fim ɗinmu, cikakken da ya rage a duniya, ya tafi da shi Atina ya kulle a ɗaki mai sanyi, ya bar mana sabo, wankakke, mai sheƙi. Ni kuwa na ce a'a, ga kuma dalilaina.

Na farko, fim ɗin nan a ruwanmu aka yi shi. Ina amarya baƙi masu shirya fim suka sauka da wani labari na birnin da teku ya haɗiye, da jirgin katako da aka shafa wa fenti ya zama ƙarfe, da wata ƙatuwar ƙaguwar roba wadda akuyar maƙwabciyata Kalotina ta cinye wa ƙafa ɗaya. Taurarinsu kyawawa ne, ban musa ba, amma da ruwa ya kai musu ƙugu sai su fara kiran iyayensu. Su wa suka sa hular tagulla da takalmin dalma suka taka ƙasan teku? Mazanmu ne, masu nutso su tsinko soson teku! Ba a nuna fuskar ko ɗaya ba, ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Da na yi ƙorafi, Skevos ya yi dariya ya ce, "Ke dai, Themelina, da rigima kike. Ko kifi bai taɓa tambayar sunana ba, balle Bature."

Na biyu, kuma a nan zuciyata ke tafasa: na kalli sabon. An yanke tafiyar. Wurin nan da mazan ke jerawa ɗaya bayan ɗaya, ɗauke da fitilu, suna nufar ƙofar birnin, an datse shi, an bar ƙiftawar ido. Na tambayi baƙonmu dalili, ya ce, "Iya, masu kallo na yanzu ba su da haƙuri. Mutane ne kawai suke tafiya a hankali, babu abin da ke faruwa."

Babu abin da ke faruwa! Ɗana, ban zarge ka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowace shekara bayan Ista, ranar jajiberen tashin jiragen soso, mukan haska fim ɗin a farin bangon cocin Waliyyi Nikola. Ana ciye-ciye, ana yi wa ƙaguwa tsiya, yara na jifan mugun kyaftin na cikin fim ɗin da ɓawon lemo. Amma da an zo tafiyar nan, kowa zai miƙe tsaye. Kowane gida ya kira sunan nasa da ƙarfi, domin mun san su da takunsu. Na gaba Mikes ne, mai buɗa ƙafa. Mai jan ƙafar hagu Skevos ne, tun da ciwon zurfin ruwa ya taɓa shi bai sake takawa daidai ba.

Bazarar da ta biyo bayan ɗaukar fim ɗin ya tafi nutso a ruwan Libiya, igiyarsa ta dawo, shi bai dawo ba. Ba ni da kabarin da zan kai wa fure, ba ni da hoton fuskarsa. Sau ɗaya a shekara mijina yakan ratsa bangon coci yana jan ƙafa, ni kuma in ce masa, "Skevos, ka yi sauri mana, miya na hucewa!" Wannan ne za a ce mini babu abin da ke faruwa?

An ce tsohon ya karce, ya dusashe, wata rana zai ruɓe. Ni ma na karce, na dusashe, amma ban ga wanda ya kai ni Atina ya kulle ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In kamfani na son fim ɗin ya rayu, ya ɗauko injinansa ya hau jirgi ya zo, ya kwafa a nan, a gaban idonmu, cikakke, mu dafa musu kifi. Amma gwangwanayen nan da fim ɗin ke ciki ba za su ƙetare ruwa ba. Ruwa ya karɓi mazanmu sau ɗaya, ba za mu ba shi su karo na biyu ba.

Na ƙarshe, gare ka ne, Magajin Gari. Na goye ka kana jariri, don haka zan faɗa maka a gaban jama'a. Ka san mutumin nan na tsakiyar layi, wanda ya yi tuntuɓe ya durƙusa, mai jan ƙafa ya juyo ya ɗaga shi? Mahaifinka ne. Mahaifiyarka ta kira sunansa a bangon nan har muryarta ta ƙare, daga nan kai ka karɓa. A sabon fim ɗin babu shi. Saboda haka duk ɗan majalisar da zai ɗaga hannu ya ce a miƙa, ya fara miƙewa ya faɗa mana sunan wanda ya yarda a yanke. Kai za ka fara, ɗana, muna saurare.

Allah ya ji ƙan waɗanda ke kwance a ƙasan teku ba su da dutsen kabari. Allah ya dawo da jiragen bana cike da soso, da mutanensu cif. Allah ya mai da baƙonmu gida lafiya, hannunsa wayam, cikinsa a ƙoshe.

Na gode, jama'a.