Fuskar Baba a Layin Baya

Ina jiran layi a wani shagon kwafar takardu a Nassarawa GRA, ina shirin ba da shawara kan na'urar da ko kunna ta ban iya ba. Wani Alhaji ya miƙa wa mai shagon tsohon hoton ma'aikatan jirgin ƙasa, don ta yi masa sikanin, wato ta kwafe shi cikin kwamfuta.

"Malama, sa shi a ɗigo ɗari uku a kowane inci kamar takarda. Yau zan mayar wa gwaggona, kuma shi kaɗai ne hoton mahaifina."

"Wanne ne shi, Alhaji?"

"Na layin baya."

"Ai fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba. Ɗari uku na rubutu ne, kana faɗaɗawa dishi-dishi za ka gani. Ɗigo dubu da ɗari biyu zan sa."

"To ki ƙure na'urar mana!"

"Sai ka tafi da hoton ƙurar takarda. Abin da kyamara ba ta kama ba, ni ba zan haifo shi ba."

Ta gama, ta jawo fuskar har ta cika allon kwamfutar. Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ikon Allah! Ashe dariya yake yi. Mu har ya rasu ba mu taɓa ganin haƙoransa ba."