Sun Mai Da Ni Tafinta, Littafina Ya Tashi Wayam

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Sunana Hauwa'u, daga unguwar Hindawiyya a Makka.

Shekara biyu ina koyon aikin jinya don in samu lasisi. Da Hajjin bana ya zo, aka tura mu wani asibiti gwajin aiki, kowa da littafinsa. Duk allurar da ka yi, duk ciwon da ka wanke, shugabar masu jinya za ta sa maka hannu. Ni kuwa, da an kawo alhaji Bahaushe sai ta ƙwala mini kira: "Ya Hawwa, ta'ali, zo ki fassara!" In ajiye sirinji in ruga. Haka na ƙare wata guda tsakanin likita da tsofaffi.

Ranar ƙarshe ta buɗe littafina, ta ga shafuka wayam. Ko kunya babu ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, sai ki maimaita shekara." Ita ce fa mai kiran nawa!

Malam, ku ba ni shawara, raina a ɓace yake. Baɗi in an kawo tsohuwa tana kukan ciwo da Hausa, in yi kamar ban ji ba?