Lallen Roba

A wata rumfar furannin roba a kasuwar Agege, wata mata ta tsaya tana ta jujjuya kaya.

"Hajiya, ɗauki wannan," in ji mai rumfar. "Jiya ya zo daga kasuwar Idumota. Dubi sheƙi!"

"Sheƙin ne ba na so. Nemo mini mai ƙananan ganye kamar lalle, wanda ya ɗan koɗe."

"Kowa sabo yake nema, ke kina neman wahalalle?"

"Mahaifiyata zan nuna wa a waya. Ita ta ba ni dashen lalle ranar da zan taho Legas. Ɗakinmu ko taga babu, sati biyu ya bushe. Shekara uku ke nan ina ce mata yana nan."

"Ki gaya mata gaskiya mana."

"Sai ta tambaye ni babban gidan da mijina ya ce ya kama mana, ko? Malam, sayar da kayanka kawai."

Ya zaro wani a 'yar tukunya daga ƙarƙashin tebur.

"Ki zuba ƙasar gaske a tukunyar, ki jiƙa ta, kada ki matso da wayar. Ni ma lambu na baro a Maraɗi. Har yau tsohona ya ɗauka shuka nake sayarwa."