Igiyar da Ovide Ya Cafe

Shugabar wannan ƙungiya, Uwargida Noreen Galjour. Fada Anselm da ya buɗe mana taro da addu'a. Masu wuraren gyaran jiragen ruwa na bakin kogin Bayou Lafourche, manya da ƙanana. Masu walda, kafintoci da masu sauke kaya da ke tsaye can baya. 'Yan'uwa maza da mata, barkanmu da rana.

Sunana Alcide Plaisance. Ina gode wa shugaba da ta bar ni in yi magana a zaune, domin ƙafafuna sun daina ɗaukata. Ina kuma gode muku da kuka yarda tsohon da ba shi da ko kwale-kwale a yau ya sa baki kafin ku kaɗa ƙuri'a.

Shawarar da ke gabanku ita ce, tunda inshorar diyya ta aikin bakin ruwa ta yi tsada, a cire masu aiki a cikin rumfar gyara daga cikinta, a bar su da inshorar aikin tudu kaɗai, sannan a ja layi da fenti a ƙasa tsakanin rumfa da bakin ruwa, a hana su tsallakewa. Tun da labarin nan ya iso gare ni hankalina bai kwanta ba. Abu uku zan faɗa.

Na farko, ni ma na taɓa jan wannan layi, shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Mai waldana, Ovide Cheramie, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a makarantar sistocin coci, ya same ni durƙushe da gwangwanin fenti rawaya. Ya ce, "Alcide, kaji za ka fara kiwo ne kake mana shinge?" Na ce, "Jakuna dai. Kada in ga takalminka a wancan gefen, tsohon banza." Ya ce, "To maigida, sai ka gaya wa ruwan ma ya tsaya a nasa gefen."

Na biyu, kun san yadda aka raine mu a garin nan. Idan jirgi ya matso aka jefo igiya, wanda ya fi kusa shi ke cafewa. Ba a tambayar jirgin wane ne, ba a tambayar wa ya ɗauke ka aiki. Wata Litinin da hantsi iska ta taso, jirgin masu kamun jatan lande ya shigo yana tangaɗi, aka jefo igiya. Ovide ya ajiye kayan walda, ya tsallake layina, ya cafe. Igiyar ta fizge shi, ƙafarsa ta shiga tsakanin jirgin da ginshiƙin gadar da jirage ke tsayawa.

A asibiti ya ce da ni, "Gobe ka zo min da kofi na gaskiya, nasu kamar ruwan wanki yake." Muka yi dariya. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Takardar inshorar nan taka za ta biya, ko?" Na dubi idonsa na ce za ta biya, alhali na san inda na ja layin, na kuma san dalilin da ya sa na ja shi. Mutumin kamfanin inshora tambaya ɗaya ya yi mini: a ina ya ji ciwon? Taku huɗu ne daga fenti, a gefen ruwa, inda inshorar tudu ba ta biya.

Shekara biyu muna kotu, ni da Ovide. A cikin shekarun nan matarsa Elvire ce ke ɓare jatan lande a masana'anta tana ciyar da gidan. Daga ƙarshe na sayar da wurina aka biya shi, amma ƙafa ba ta dawo ba. Ovide bai taɓa zagina ba. Ya dai daina zuwa gidana cin shinkafa da jan wake ranar Litinin. Bara ya rasu, kuma a jarida na gani.

Na uku, ba mugunta nake zarginku da ita ba. Na san yadda tsadar nan ke shaƙe ƙaramin wuri. Amma ku juya ku dubi mutanen da ke tsaye a bayanku. Wane ne a cikinsu zai ga igiya a sama ya tsaya duba fenti a ƙasa? Idan ma akwai shi, wane ne a cikinku zai so ya ɗauke shi aiki? Saura sati shida lokacin guguwa ya kama, jirage za su shigo a guje, kuma za a jefo igiya. Ina tsoro, jama'a. Ina tsoron wani a ɗakin nan zai tsaya a bakin gadon asibiti ya faɗi abin da na faɗa. Ku yi ciniki da kamfanonin inshora tare, ku nemi sauƙi tare, ku rage wani abu dabam, amma kada ku cire kowa.

Makon jiya na sa mai tasi ya kai ni tsohon wurina don in ga layin. Babu shi. Ba wanda ya kankare shi, takalman ma'aikata ne suka cinye shi.

Allah ya ji ƙan Ovide, ya yafe mini. Allah ya tsare na kan ruwa da na bakin ruwa, ya mayar da kowa gida da ƙafafunsa biyu. Allah ya ba shugabanninmu basira a ƙuri'ar yau.

Na gode.